Tambayar Karatu a Jarrabawar Turanci ta Baka: Daga Ina Ta Fito?

Duk wanda ya zauna jarrabawar IELTS, a Legas ne ko Abuja ko Akara, ya san yadda ake buɗe ɓangaren magana. Mai jarrabawa zai kunna na'urar naɗar murya, ya duba fasfo, sannan ya fara da tambayoyi marasa nauyi game da gida da aiki da makaranta. Cikin batutuwan da kan biyo baya akwai karatu: kana son karanta littattafai, wane iri, yaushe kake samun lokaci, a takarda ko a waya. Tambaya ce mai sauƙi, amma tana rikita ɗalibai ƙwarai, har wasu sukan haddace amsa tun daga gida, su cusa sunan Shakespeare ko wani marubucin da ba su taɓa buɗe littafinsa ba. Wannan tsoro yana da asali, domin an yi zamanin da jarrabawar Turanci ke auna mutum da littattafan da ya karanta da kuma kamannin lafazinsa da na mutanen Ingila. Sai dai zamanin ya wuce, kuma mai haddace amsa yana shiri ne domin jarrabawar da aka daina yi tun kafin a haife shi.

A 1913 hukumar jarrabawa ta Jami'ar Cambridge, hukumar da aka kafa a 1858, ta fito da shaidar ƙwarewa a Turanci domin baƙi, musamman masu niyyar koyar da harshen a makarantun ƙasashensu. Kuɗin shiga fam 3 ne, jarrabawar kuwa ta cinye awa 12. Akwai fassara daga Turanci zuwa Faransanci ko Jamusanci, da fassara daga waɗannan zuwa Turanci haɗe da nahawu, da insha'i, da adabin Ingila na awa uku cur, da takardar ilimin furuci ta awa ɗaya da rabi. Abin da aka ware wa baki da kunne awa ɗaya ne kacal: rabinta shifta, rabinta kuma karanta shafi da babbar murya tare da 'yar hira. Mutum uku suka zauna, ba wanda ya ci. Duba wannan rabon lokaci kawai ya isa ya nuna abin da masu jarrabawar suka ɗauka shi ne iya harshe. Hirar ma ba ta samu rabin awa ita kaɗai ba, sai da ta raba da karatun shafi. A wancan ɗaki, karatu ba batun hira ba ne, aiki ne da ake sa ɗalibi ya yi ana sauraron inda zai yi tuntuɓe.

Ko wannan 'yar awa ɗaya ba ta zo a banza ba. Tun a 1882 wani malami Bajamushe, Wilhelm Viëtor, ya fitar da ɗan littafi yana cewa lallai koyar da harsuna ta sake alƙibla, domin an mayar da Turanci da Faransanci kamar Latin, ana karanta su ana fassarawa ba a magana da su. A 1886 Paul Passy da abokansa suka kafa ƙungiyar masana furuci a Faransa, a Ingila kuma Henry Sweet ya wallafa littafinsa kan koyon harsuna a aikace a 1899. Waɗannan mutane suka shigar da baki cikin aji. Amma da yake masana furuci ne, magana a wurinsu ta fi karkata ga fitar da sauti daidai. Ƙamus ɗin furuci na Daniel Jones, wanda ya fito a 1917, ya kafa lafazin 'yan boko na kudancin Ingila a matsayin ma'auni, kuma wannan ma'auni ya bi daular Birtaniya duk inda ta je. Har yau muna rayuwa da ragowarsa: a Najeriya takardar Turancin baka ta WAEC ana amsa ta ne da fensir, ɗalibi yana zaɓen kalmar da wasalinta ya yi daidai da na wata, ba tare da ya buɗe baki ba. Cambridge kanta kuwa ta soke takardar ilimin furuci tun 1932.

Abin da ya hana hira samun gurbi da wuri ba raini ba ne kaɗai, har da wahalar aunawa. Shifta tana da amsa ɗaya, hira ba ta da. Jack Roach, jami'in Cambridge da ya raya wannan jarrabawa tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, ya rubuta rahoto a 1945 kan yadda masu jarrabawa biyu za su saurari mutum ɗaya su ba shi maki daban. Wasu hukumomin sai suka kauce wa matsalar gaba ɗaya. TOEFL ta Amurka, da ta fara a 1964, ba ta da ɓangaren magana, kuma bai shiga cikinta ba sai a 2005 da aka koma yin ta ta intanet. Jarrabawar da Alan Davies ya tsara, wadda British Council ta yi amfani da ita wajen tantance ɗalibai baƙi daga shekarun 1960 zuwa 1980, ita ma karatu da sauraro ta fi aunawa. Hanyar fita ta ɓullo ne daga wani wuri dabam. A shekarun 1950 makarantar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta tsara hira ta gaba da gaba, da matakai daga 0 zuwa 5, kowane mataki an bayyana abin da mai shi zai iya yi da harshen. Jakada ba ya buƙatar karanta shafi da murya mai daɗi. Yana buƙatar ya fahimci abin da aka ce masa ya kuma mayar da amsa. Tambayar ta tashi daga "me ka sani game da harshen" ta koma "me za ka iya yi da shi".

A kan wannan tunani aka gina ELTS, jarrabawar da ta gabaci IELTS, a 1980, sannan IELTS a 1989, lokacin da hukumar IDP ta Ostiraliya ta haɗu da British Council da Cambridge. Fasalin da ake amfani da shi yanzu ya zo ne a 2001. Hirar minti 11 zuwa 14 ce, kashi uku. Na farko tambayoyi ne kan rayuwar yau da kullum, minti huɗu zuwa biyar. Na biyu a ba ɗalibi kati mai batu ɗaya, kamar littafin da ya taɓa burge shi, a ba shi minti ɗaya ya shirya, ya yi magana har zuwa minti biyu. Na uku tattaunawa ce mai zurfi kan batun katin. Maki kuwa ana bayar da shi ne kan abu huɗu: magana ba gargada tare da haɗuwar zance, yalwar kalmomi, nahawu, da furuci. A cikin huɗun nan babu gurbin darajar littafi, babu na yawan abin da aka karanta, babu ma na gaskiyar amsa. Wanda ya ce shi bai cika karatu ba, ya fi son sauraron rediyo, sannan ya yi bayanin dalili cikin jimloli masu haɗuwa, ya amsa tambayar sarai. A ɓangaren magana, karatu ya sauka daga matsayin abin da ake gwadawa, ya zama ƙofar shiga zance kamar abinci ko yanayin gari.

Wani zai ce wannan a takarda ne kawai, domin tambayar kanta tana fifita ɗan gidan da ke da kantar littattafai a falo. Akwai gaskiya a ciki: duk batun da aka zaɓa yana yi wa wani sauƙi fiye da wani, kuma mai yawan karatu da Turanci yakan tara kalmomi. Amma ƙorafin ya ɗauka cewa karatu sai na Turanci, kuma jarrabawar ba ta faɗi haka ba. Bahaushen da ya tashi da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, yana da abin faɗa. Haka ma wadda ta girma tana aron littattafan Balaraba Ramat Yakubu daga hannun ƙawaye, ko take bin labari kashi-kashi a WhatsApp. Ita kalmar karatu a Hausa ta fi takwararta ta Turanci faɗi, tana ɗauke da allo da tilawa da zaman gaban malami a zaure. Mutumin da zai bayyana wa baƙo da Turanci yadda ake wanke allo a sake rubutu, dole ya nemo kalmomi, ya kewaya inda babu fassara, ya kwatanta. Wannan kewaye da kwatance yana cikin abin da ma'aunin kalmomi ke ba wa maki. Wanda ya ari sunan littafin da bai sani ba kuwa, jimla biyu zai yi ya tsaya.

Ƙorafi na biyu kan lafazi ne, kuma shi ne ya fi daɗewa a zukata. Furuci har yanzu kashi ɗaya ne cikin huɗu, ba a musu. Sai dai bayanin matakan makin furuci na IELTS, wanda aka sake fasalinsa a 2008, yana magana ne kan ko ana fahimtar mutum cikin sauƙi, da yadda yake sarrafa nauyin gaɓa da hawa da saukar murya. Har a manyan matakai an yarda lafazin harshen uwa ya fito, muddin bai hana fahimta ba. Bahaushe na da aikin yi a kan bambancin p da f, domin yana iya sauya ma'anar kalma, amma ba a nemi ya zama ɗan Landan ba.

Ƙorafi na uku ya fi sauran ƙarfi. Masu wuraren lesin za su ce hadda tana aiki, kuma jarrabawar ce da kanta ta buɗe mata hanya. Kafin 2001 mai jarrabawa yana da 'yancin jan hirar yadda ya so, kuma bincike, ciki har da na Annie Brown, ya nuna cewa ɗalibi ɗaya kan fito da kama biyu a gaban masu tambaya biyu, saboda wani yana taimaka wa zance wani yana datse shi. Maganin da aka kawo shi ne rubutattun tambayoyi da kowane mai jarrabawa zai bi. An samu adalci, amma an biya farashi, domin abin da aka rubuta ana iya tunawa da shi bayan an fito, a tara, a raba, a sayar da amsoshi. Wannan rauni ne na gaske, kuma tsohuwar matsalar Roach ce ta dawo ta bayan gida. Duk da haka hadda ba ta kai inda ake zato. Ana horar da masu jarrabawa su gane zancen da aka haddace, kuma alamunsa ba sa ɓuya: murya takan miƙe ba hawa ba sauka, kalmomi su yi girman da bai dace da tambayar ba, amsa ta zo wa tambayar da ba ita aka yi ba. Hadda tana da martaba inda nassi yake tsayayye, ba a ƙara harafi ba a ragewa, shi ya sa ta zauna daram a makarantar allo. Hira kuwa rabinta a bakin wani take.

A kashi na uku ne abin ke fitowa fili, domin a nan mai jarrabawa yana da damar bin diddigin abin da ɗalibi ya faɗa. Wanda ya gama zuba haddarsa kan wani shahararren littafi sai a tambaye shi me ya sa yara suka rage karatu, ko littafin takarda zai ɓace, ko wa ya fi cancanta ya koya wa yaro son karatu tsakanin iyaye da malamai. In ya ba da amsa, a sake ce masa me ya sa. Wadda ta yi magana kan littattafan da ake aro a unguwarsu tana da ƙanne da maƙwabta da wayoyinsu da za ta kawo misali da su, ta san wanda ya daina karatu da abin da ya maye gurbinsa. Mai hadda kuwa takardarsa ta ƙare tun a kashi na biyu, ga sauran minti huɗu ko biyar, na'ura kuma tana ci gaba da naɗa.