Anar: Faifan da Mdou Moctar ya naɗa a Sakkwato

A yau duniya ta san Mdou Moctar, Ba'abzine daga jihar Tahoua a Jamhuriyar Nijar, a matsayin gwanin kiɗan jita mai amo irin na rock. Amma faifansa na farko, mai suna Anar, ya sha bamban da hakan.

A shekarar 2008 ne ya naɗi faifan a birnin Sakkwato, inda ya rera waƙoƙin bege masu sanyaya jiki cikin harshen Tamashek.

An haɗa su ne da kiɗan na'ura da kuma Auto-Tune mai sauya murya, salon da aka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa.

Da farko ba a fitar da faifan kasuwa ba. Matasa ne suka riƙa tura wa juna waƙoƙin ta wayar salula a faɗin yankin Sahel.

Ta haka ne kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya ji su, har ya fitar da faifan a 2014.