Kumbon Mercury na 1961 da Tashar Kano

A ranar 13 ga Satumba, 1961, Amurka ta harba kumbon Mercury daga Cape Canaveral a kan rokar Atlas, babu kowa a cikinsa. A inda ɗan sama jannati zai kwanta an ɗaure wata na'ura mai shaƙar iskar oksijin tana fitar da gurɓatacciyar iska da gumi, don a ga ko ɗakin zai iya riƙe rai. An kuma sa faifan murya yana ta magana, a ji ko mutanen ƙasa za su kama ta.

Lokacin Amurkawa na cikin matsi. Gagarin na Tarayyar Soviet ya zagaya duniya tun Afrilu, ɗan ƙasarsu Titov kuma ya yi yini da kwana a sama cikin Agusta. Ita kuwa Atlas ba abar yarda ba ce. A Yulin 1960 ta tarwatse kafin ta cika minti ɗaya da tashi. A Afrilun 1961 ta ƙi bin hanya, dole aka fasa ta daga ƙasa, ƙaramar rokar ceto ta fizge kumbon ya sauka a teku da laima. Shi wannan kumbon aka tsamo, aka gyara, aka sake ɗora shi a Satumba. Wannan karon ya zagaya duniya sau ɗaya cikin awa ɗaya da minti 49, ya faɗa teku gabas da Bermuda.

Abin da ya fi jan hankalina a tafiyar nan shi ne mutanen ƙasa. Kumbo mai gudun kusan kilomita 28,000 a awa ba ya daɗewa a saman kowace tasha. 'Yan mintoci ne ya ɓace. Don haka aka jera tashoshi a kewayen duniya, wasu a kan jiragen ruwa, kowace ta karɓe shi ta miƙa wa ta gaba. Daga tsibiran Kanari sai Kano, daga Kano sai Zanzibar. Kanon nan tamu dai, Najeriya ba ta ko cika shekara da samun 'yanci ba. A tafiyar 13 ga Satumba ne aka fara gwada wannan sarƙa da kumbon Mercury na gaske yana zagaye, kuma sai da ta nuna tana aiki kafin a sa biri Enos a Nuwamba, sannan John Glenn a ranar 20 ga Fabrairu, 1962.

Yana yi mini ciwo cewa yaro zai gama sakandare a Kano ya haddace sunan Armstrong, amma ba wanda ya taɓa gaya masa garinsu ya saurari waɗannan kumbuna. Gwamnatin lokacin ba ta raina abin ba: a 1963 ta buga kan sarki mai hoton kumbon Mercury da tashar Kano, mutane suka riƙa manna shi a wasiƙunsu.