Wankan Tumaki a Birtaniya da Ciwon da Ya Bari a Jikin Makiyaya

A shekarar 1989, wata mata mai kiwo a Ingila tana yi wa tumakinta wankan magani, sai ruwan ya fantsamo ya shiga cikin takalmin robarta. Bayan 'yan makonni ciwon kai da ciwon jiki suka kama ta, lafiyarta kuma ta yi ta ja da baya. Matar nan ita ce Margaret, mai riƙe da sarautar Mar, wadda a lokacin 'yar Majalisar Dattawan Birtaniya ce. Da yake tana da bakin magana, ta shafe shekaru tana tayar da batun a majalisa. Ɗaruruwan manoma da ma'aikatan gona sun yi irin kukanta, sai dai ba kowa ke da kujerar da za a saurare shi ba.

Tsoma tumaki cikin ruwan magani tsohon abu ne a can. Tun 1852 wani likitan dabbobi, William Cooper, ya fara sayar da garin magani mai ɗauke da gubar arsenik domin wannan aiki. Babban abin da ake yaƙa shi ne ƙazuwar tumaki, wadda wani ɗan mitsitsin ƙwaro ke haddasawa, tunkiya ta yi ta susa har gashinta ya zube, ta rame. An kawar da cutar daga Birtaniya a 1952, amma ta dawo a 1973. Daga 1976 gwamnati ta wajabta wankan, tsakanin 1984 da 1988 ma sau biyu ake yi a shekara. Wanda ya ƙi ya saɓa doka.

A waɗannan shekaru ne magungunan dangin oganofosfet, irin su diazinon, suka mamaye kasuwa. Asalin danginsu abin lura ne. A 1936 wani masani Bajamushe, Gerhard Schrader, yana neman maganin ƙwari a cikin wannan dangi ya ci karo da tabun, gubar da aka mayar makamin yaƙi. Na wankan tumaki bai kai ta ƙarfi ba ko kusa, amma aikinsu iri ɗaya ne: suna hana jiki kashe saƙon da jijiya ta aika, sai saƙon ya yi ta maimaituwa. Daga nan gumi, dalalar miyau, amai, rawar jiki da sarƙewar numfashi. Kuma ba sai an sha ba, fata ma ƙofa ce.

Mu dubi yadda aikin yake. Ana tura tunkiya cikin dogon rami mai cike da ruwan magani, ta yi minti ɗaya a ciki, a danna kanta ƙasa da sanda. Tana fitowa ta girgije, ruwan ya watsu a fuskar mai aiki. Haka za a wuni, ɗari bayan ɗari, da rigar da ta jiƙe tun safe. Zazzaɓi da ciwon kan da ke biyo baya sun zama ruwan dare, har makiyaya suka raɗa musu suna murar masu wankan tumaki.

An janye dokar tilas ɗin a 1992, gwamnati ta ce don ba ta kawar da ƙazuwar ba ne. A 1999 wata cibiyar binciken lafiyar ma'aikata da ke Edinburgh ta gano cewa alamun ciwon jijiya sun fi yawa ga masu taɓa tsantsar maganin kafin a sirka shi. A Disambar shekarar aka janye magungunan daga kasuwa har sai an sake fasalin mazubinsu, yadda za a zuba ba tare da hannu ya taɓa ba. Shekara da shekaru ana cewa manomi ya yi hattara, ashe ita kanta jarkar tana da laifi.

Gardama ba ta ƙare ba. A 2014 kwamitin masana guba na gwamnati ya ce hujjojin da ke hannu ba su nuna cewa ɗan kaɗan da ke shiga jiki a hankali yana jawo babbar illa mai ɗorewa ba. Masu fama da mantuwa, kasala da baƙin ciki ba su yarda ba. A 2015 jaridar Guardian ta fito da wani rahoton hukumar kare lafiyar ma'aikata na 1991 da ke nuna jami'ai sun san da haɗarin tun wankan yana dole. Abin da babu mai musu a kai shi ne, idan maganin ya shiga jiki da yawa yana iya kisa.

Labarin bai yi mana nisa ba. A kasuwannin karanmu ana sayar da maganin kaska a ƙananan kwalabe, a auna da murfi, a dama da hannu, a shafa wa saniya da tsumma, yaro yana riƙe da ita. Darasin da Birtaniya ta saya da tsada shi ne, lokacin buɗe kwalba da aunawa ya fi kowane haɗari, nan safar hannu ta roba ta fi amfani. Idan ya zube wa mutum, a tuɓe rigar nan take, a wanke fatar da sabulu da ruwa mai yawa. Madara da manja ba sa karya wannan guba. In alamu sun bayyana a garzaya asibiti, kuma a tafi da kwalbar, domin sunan da ke jikinta ne zai gaya wa likita abin da zai bayar.