Kujerar Da Ta San Ɗakinta: Labarin Demas Nwoko

Abin da ya sa na ɗauko wannan tarihi shi ne wata kujera da Baba ya saya bara da ribar goro. Kushin ce ƙatuwa mai cin mutum uku, aka kawo ta gidanmu a Sabo Ibadan, ta ƙi shiga ƙofa. Sai da kafinta ya cire ƙyaure, da ta shiga kuwa ta cinye rabin ɗakin, har wurin shimfiɗa dardumar salla ya gagara.

To a nan Mokola, kusa da mu, akwai ginin wani mutum da ya daɗe da magance irin wannan matsala. Sunansa Demas Nwoko, an haife shi a 1935 a garin Idumuje-Ugboko da ke jihar Delta a yau, kuma ɗan sarkin garin ne. A Zariya ya yi karatun zane daga 1957 zuwa 1961, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. A can ne shi da abokansa irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka tsaya a kan cewa ba za su riƙa kwaikwayon Turawa ido rufe ba, sai dai su haɗa ilmin zamani da abin da suka gada.

Da ya zo Ibadan yana koyarwa a jami'a, sai ya fara gina gidansa da wurin aikinsa, New Culture Studios, a 1967, da jar ƙasar wurin gauraye da siminti kaɗan. Daga baya ya gina wa kansa wani gida a garinsu. Abin da ya fi burge ni shi ne bai gama gini sannan ya tafi kasuwa neman abin zama ba. Kujeru da tebura da ƙofofi, shi ya zana su, aka yi su da katakon ƙasar nan, kowanne daidai da ɗakin da zai zauna. Wato a wurinsa kujera da bango aiki ɗaya ne. A 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine a birnin Venice na Italiya.

Da na ba Baba wannan labari sai ya yi dariya, ya ce ai kakanninmu sun riga shi. Maginin da ya gina ɗaki shi ke gina gadon ƙasa a ciki, shi ke yin dakali a ƙofar gida, ya bar 'yar alkuki a bango don ajiye fitila. Gaskiyarsa. Mu ne dai muka manta.

An kafa Sabo tun 1916, amma har yau da yawanmu muna zaune kamar gobe za mu ɗaure kaya mu koma Arewa. Shi ya sa ba ma auna ɗaki, sai mu sayi abin da muka gani a falon wani. Alhali a nan aka haife mu, a nan muke aurar da 'ya'ya.

Kushin ɗin dai an sayar da ita da asara. Na ɗauko igiya na auna bangon, kafinta ya yi mana benci siriri mai akwati a ƙasa, inda Inna ke zuba tabarmi da barguna. Yanzu Baba na salla a ɗakinsa. Allah ya sa mu dace, amin.