Igwar Munik da Asirin Zafi

In malami ya so ya nuna wa yaran ƙaramar sakandare yadda zafi ke tafiya, ba ya bukatar kaya masu yawa. Sai ya zuba ruwan zafi a gwangwani, ya ajiye shi cikin kwanon ruwan sanyi, ya tsoma ma'aunin zafi a kowanne. Na gwangwani ya yi ta sauka, na kwano ya yi ta hawa, har su zo daidai su tsaya. Yaro mai kaifin hankali kuwa ba ya rasa tambaya: mene ne ya fita daga gwangwani ya shiga kwano? Tambayar nan ta sha kan manyan masanan Turai kusan shekara ɗari.

Wanda ya fara ɗora binciken bisa awo shi ne Joseph Black, malami a Jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sikotlan. Wajen shekarar 1761 ya lura ƙanƙara tana shan zafi mai yawa sa'ad da take narkewa, alhali ma'auni bai motsa ba. In an haɗa laba ɗaya ta ƙanƙara da laba ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 80 na Selsiyos, ƙanƙarar za ta narke, amma ruwan duka zai fito da sanyin ƙanƙara. Zafin ya shige ya ɓuya.

Masanan zamanin suka ɗauka zafi wani irin ruwa ne marar nauyi, wanda ido ba ya gani, yana kwarara daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. Lavoisier, babban masanin Faransa, ya kira shi kalorik, har a littafinsa na 1789 ya lissafa shi cikin asalan abubuwan da aka gina duniya da su. Ra'ayin nan ba na wauta ba ne, gama ya bayyana sha'anin gwangwani da kwano sarai.

Wanda ya girgiza shi ba malamin jami'a ba ne. Benjamin Thompson sunansa, an haife shi a Amurka a 1753. Da yaƙin neman 'yanci ya tashi ya bi bayan Sarkin Ingila, dole ya gudu ya bar gida. Daga baya ya kama aiki wurin mai mulkin Bavariya a ƙasar Jamus, aka ba shi sarauta, ya zama Count Rumford. Yana duba aikin huda igwa a birnin Munik, sai ya ga tagulla tana ɗaukar zafi ƙwarai in ana hudarta. Masu ra'ayin kalorik suka ce ai ƙarfen huda ne ke matse ruwan zafin daga cikin tagulla. To, in haka ne, ai ya kamata wata rana ya ƙare, kamar yadda tulu kan ƙare.

Sai Rumford ya sa aka kawo ƙarfen huda mai dakushi, wanda guga kawai yake yi. Aka nutsar da wurin gugar cikin akwati mai ruwa kusan laba 19, dawakai suka dinga juya igwar. Cikin awa biyu da rabi ruwa ya tafasa, ba wuta ba hayaƙi, 'yan kallo suka riƙe baki. Muddin dawakai na tafiya zafi na fitowa. A 1798 ya kai wa ƙungiyar masana ta Landan bayani, ya ce abin da ba ya ƙarewa haka ba zai zama kaya ba, sai dai motsi.

Ba a karɓi maganarsa nan da nan ba. Abin ban dariya ma, a 1805 ya auri matar da Lavoisier ya mutu ya bari, auren kuwa bai yi albarka ba.

James Joule, ɗan wani mai sana'ar giya kusa da Mancesta, shi ya kawo awon da ya kashe gardamar. Ya rataya nauyi yana saukowa yana juya fulafulai cikin ruwa. A 1850 ya bayyana cewa in laba 772 ta sauko ƙafa ɗaya, aikin ya isa ya ƙara wa laba ɗaya ta ruwa digiri ɗaya na Farenhait. Daga nan aka tabbata zafi motsi ne na ƙananan ƙwayoyin abu, masu sauri suna bugun masu nawa har su daidaita. Kalorik ya bar littattafai, sai danginsa kalori ya rage, wanda ake auna ƙarfin abinci da shi.