Bayyana tsohon laifin jarrabawa wajen neman digiri na biyu

Laifin karatu a jami'a ya haɗa da satar amsa, zana wa wani jarrabawa, da kwafe rubutun wani a ce nasa ne. Hukuncinsa kan kasance soke darasi, dakatarwa ko kora, kuma yana zama a fayil ɗin ɗalibi.

Batun ya shafi 'ya'yan Hausawan Hasahisa da Mai Wurno da suka yi karatu a Jami'ar Jazira. An kafa ta a Wad Madani a 1975, kuma tana da tsangayar ilimi a Hasahisa. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar 2023, sojoji suka ƙwato garin a Janairun 2025. Yaƙin ya tarwatsa ɗalibai, wasu na neman gurbi a Masar, Najeriya da Nijar, wasu kuma na zaton tsohon laifi ya ɓace tare da takardu.

Wannan zato yana da haɗari. Jami'o'i kan nemi takardar sakamako kai tsaye daga tsohuwar makaranta, tare da wasiƙun malamai. Fom ɗin jami'o'i da dama, musamman a Amurka, yana tambaya ko an taɓa hukunta mai nema. Ƙarya a nan na iya jawo soke gurbi, ko janye digiri bayan kammalawa.

Idan fom ya tambaya, a rubuta laifin, shekararsa, hukuncin da abin da aka gyara, a taƙaice, ba tare da ɗora wa wani laifi ba.