Kira da Mutum-mutumi a Farautar Talotalon Daji a Amurka: Nazarin Dabara da Tasirinta a Lokacin Barbara

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dabaru biyu da mafarautan Amurka ke amfani da su a kan talotalon daji daga watan Maris zuwa Mayu, wato kwaikwayon kukan tsuntsun da girka mutum-mutuminsa. An bi hanyar bitar ayyukan masana ɗabi'ar dabbobi da dokokin farauta na wasu jihohi, aka ɗora nazarin a kan ra'in Niko Tinbergen na alamomin da ke tayar da ɗabi'a. An gano cewa kira yana da iyaka tun asali, domin a dawa tamata ce ke zuwa wurin namiji. Mutum-mutumi shi ya kawar da wannan iyaka, musamman mai siffar namiji, wanda ke jawo shugaban garke ta ƙofar kishi. Maƙalar ta ba da shawarar a daidaita amfani da shi da lokacin kwanci.

Muhimman kalmomi: talotalon daji, kira, mutum-mutumi, barbara, dokar farauta

1.0 Gabatarwa

Talotalon da muka sani a gidajenmu, mai nauyin jiki da jinkirin tafiya, jikan wani tsuntsu ne da mutanen Meziko suka mayar na gida tun kafin zuwan Turawa. Ɗan'uwansa na dawa, wanda masana ke kira Meleagris gallopavo, halinsa dabam. Yana tashi sama, yana kwana a kan itace, kuma idonsa na da kaifin da motsin yatsa kaɗai kan kore shi.

Saran dazuzzuka da farautar kasuwa sun kusa ƙarar da shi. Ƙiyasin da aka fi ambato shi ne saura kimanin 30,000 a faɗin Amurka a shekarun 1930. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware harajin bindigogi da harsasai domin raya namun daji. A 1951, a dajin Francis Marion na jihar Karolaina ta Kudu, aka soma kama shi da ragar da ake harbawa da igwa, ana kai shi dazuzzukan da ya ƙare. Zuwa farkon shekarun 2000 adadinsa ya doshi miliyan bakwai, kuma ana farautarsa a kowace jiha ban da Alaska.

Maƙalar ta tsaya ne a kan farautar bazara, kuma abin da ake nufi da bazara a nan shi ne lokacin da ke bin bayan sanyin ƙasashen arewa, sa'ad da rana ke ƙara tsawo, itatuwa ke toho. A wannan lokaci doka ta amince a harbi namiji ko mai gemu kaɗai. Tambayar da maƙalar ta sa gaba ita ce: me ya sa kira da mutum-mutumi ke cin tsuntsu mai wayo haka, kuma wane namiji ne suka fi ci?

2.0 Hanya da Ra'in Bincike

Nazarin na ɗakin karatu ne. An tattara bayanai daga ayyukan da aka wallafa a kan barbarar talotalo da tsarin garkensa, sannan aka gwama su da dabarun mafarauta da dokokin jihohi. Ra'in da Tinbergen ya shimfiɗa a 1951 yana cewa dabba ba ta auna dukkan abin da ke gabanta kafin ta yi wani aiki na ɗabi'a. Alama ɗaya, kamar launi ko sauti ko siffa, ta isa ta tayar da aikin baki ɗaya. Idan haka ne, mai iya ƙirƙirar alamar ya riƙe linzamin dabbar.

3.0 Tsarin Barbara a Dawa

Ƙaruwar tsawon rana ce ke motsa sinadaran jikin namiji. Da asuba, tun yana kan itacen da ya kwana, sai ya soma kukan shela wanda ake iya ji daga nisan mil guda idan iska ta kwanta. Da ya sauko sai ya nemi fili, ya buɗe wutsiya kamar maficin kaba, ya saki fikafikai suna jan ƙasa, launin kansa na sauyawa tsakanin ja da fari da shuɗi. Tamata ce ke bin sautin ta zo ta duba. Richard Buchholz ya nuna a 1995 cewa mata sun fi karkata ga namijin da tsokar goshinsa, wadda ke lilo a kan baki, ta fi tsawo.

Maza ba ɗaya suke ba. Watts da Stokes sun bayyana a 1971, daga aikinsu a Texas, cewa maza kan yi ayari mai shugaba da mabiya. Alan Krakauer ya tabbatar a 2005, ta gwajin ƙwayoyin gado a Kalifoniya, cewa 'yan ayarin 'yan'uwa ne na jini, kuma shugaban ne ke barbara, mabiyin na taya shi rawa da korar baƙi. Bayan barbara, tamata kan saka ƙwai goma zuwa sha biyu cikin kusan mako biyu, ta yi kwanci kwana 28.

4.0 Kira: Kayan Aiki da Iyakarsa

Mafi tsufa cikin kayan kira shi ne wanda ake harhaɗawa da ƙasusuwan fiffiken talotalon kansa, a tsotsa da leɓe. An tono irinsa a wani wuri da ake kira Eva a Tennessee, shaidar cewa 'yan asalin ƙasar sun yi dubban shekaru suna wannan sana'a. Akwai ɗan akwatin katako mai murfi da ake gogawa a gefensa, wanda Henry Gibson na Arkansas ya yi wa rajistar mallaka a 1897. Akwai faifan dutsen allo ko gilashi da ake kartawa da ɗan tsinke. Sai ƙaramar fatar roba da ake ɗorawa a ganɗa a hura, wadda ta fi wuyar koyo amma tana barin hannu biyu a kan bindiga. Yawancin jihohi sun hana kira da na'urar lantarki.

Kukan da ake kwaikwaya iri-iri ne: kiran neman abokin tafiya da ake jerawa bi da bi, ɗan gajeren ƙyat na sanar da wuri, gurnanin natsuwa na tsuntsun da ke kiwo, da kuma tsinkakken kuka mai sauri na tamatar da ta matsu. Akwai wani ƙyat mai kaifi na gargaɗi, wanda idan mai koyo ya yi shi bisa kuskure ya watsa garken da hannunsa. Kafin wayewar gari kuwa, mafarauci kan yi kukan mujiya ko na hankaka, domin namiji mai zafin jini kan amsa kowace ƙara ta ba-zata, ya tona inda ya kwana.

Ga inda gizo ke saƙa. Mafarauci yana roƙon namiji ya yi abin da ya saɓa wa al'adarsa, wato ya taso ya je wurin tamata. Sau da yawa yakan taho har yadi sittin ko tamanin, ya tsaya a inda ya kamata ya hango mai kiran, ya yi ta rawa yana jira. Kunnensa ya gaya masa daidai gindin itacen da sautin ke fitowa, idonsa kuma bai ga kowa ba. Bindigar harbin tsuntsaye ta gargajiya ba ta wuce yadi arba'in da tabbaci. Wannan tazara ta yadi ashirin zuwa arba'in ita ce garkuwar tsuntsun. Haka nan namijin da ke tare da mata ba ya barin na hannu ya bi na jin-kunne, shi ya sa gwanaye ke jiran hantsi, lokacin da matan suka janye zuwa sheƙa.

5.0 Mutum-mutumi: Daga Sha'awa zuwa Kishi

Gwajin da Martin Schein da Edgar Hale suka yi a Jami'ar Jihar Pennsylvania a shekarun 1950 da 1960 ya haska wannan babi. Sun ajiye wa mazan talotalon gida cusasshiyar tamata, suka riƙa cire mata wutsiya da ƙafafu da fikafikai, har ya rage kai kawai a kan sanda, mazan ba su daina yi mata rawa ba. Ko da yake na dawa ya fi taka-tsantsan, ƙa'idar ɗaya ce: ido na neman alama, mutum-mutumi na ba shi.

Ana girka shi yadi sha biyar zuwa ashirin daga mazaunin mafarauci. Mai siffar tamata, a tsaye ko tana kiwo ko a durƙushe, yana cika gurbin da kira ya bari. Mai siffar ɗan saurayi ɗan shekara guda, mai guntun gemu, aikinsa dabam ne. Idan shugaban garke ya hango yaro tsaye kusa da tamata a durƙushe, ba ya tsayawa rawa, da gudu yake zuwa ya yi duka. Mai siffar ƙasaitaccen namiji da buɗaɗɗiyar wutsiya kuwa yakan kori mabiyan da suka taɓa shan kashi, ya bar mai ƙarfin hali kaɗai ya tunkaro.

Daga nan aka samu dabarar rarrafe a bayan wutsiya, inda mafarauci ke ɓuya a bayan buɗaɗɗiyar wutsiyar talotalo ya nufi tsuntsun a fili. Mai karatu zai tuna maharbin ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har ya kusanci nama. Bambancin shi ne a dajin gwamnati na Amurka akwai wasu masu bindiga da ke neman daidai siffar da ya ɓuya a bayanta. Saboda wannan haɗari ake gargaɗin mafarauta su guji tufafi ja da fari da shuɗi, su jingina da itacen da ya fi kafaɗunsu faɗi, su yi magana da ƙarfi idan wani ya doso maimakon ɗaga hannu.

6.0 Sakamako da Tattaunawa

Nazarin ya fito da abubuwa uku. Na farko, kira shi kaɗai ya fi cin namijin da ba shi da mata, ko dai mabiyi ko shugaban da matansa suka shiga kwanci. Na biyu, mutum-mutumin namiji yana kai wa ga shugaban garke tun a farkon lokaci, yana tsakiyar matansa. Na uku, harsashin tungsten, wanda ya fi dalma nauyi da fiye da rabi, ya ƙara nisan harbi, ya rage tazarar da ke kare tsuntsun.

Wannan ya zo daidai da raguwar talotalo a jihohin kudu maso gabas, inda a wurare da dama 'yan tsakin da ake ƙirgawa ba su kai biyu ga kowace uwa ba. Michael Chamberlain na Jami'ar Jojiya ya jawo hankali ga yiwuwar cewa kashe shugaba kafin barbara na rikita tsarin garke. Aikin da shi da abokansa suka yi da na'urorin naɗar sauti ya nuna kukan maza na raguwa da zarar an buɗe farauta. A ɗaya gefen, masu bincike a Jami'ar Tennessee, ciki har da Craig Harper da David Buehler, sun bibiyi mata daga 2017 zuwa 2022, suka tarar jinkirta buɗe farauta da mako biyu bai ƙara ƙyanƙyasa ba. Wannan na nuna lalacewar wurin sheƙa da masu cin ƙwai na da babban kaso a matsalar.

Duk da haka jihohi sun zaɓi riga-kafi. Daga 2022 Alabama ta hana mutum-mutumi a kwanaki goma na farko, Jojiya ta rage adadin da mutum zai harba daga uku zuwa biyu. Tennessee ta yi irin wannan ragi a 2023, ta kuma hana rarrafe a bayan wutsiya a dazuzzukan da hukumarta ke kula da su. Pennsylvania tun da daɗewa ta ce farautar bazara da kira ake yin ta, ban da sanɗa.

7.0 Kammalawa

Kira yana bar wa talotalo zaɓi, mutum-mutumin namiji kuwa yana kama shi ta inda ba ya iya kamewa. Tunda kayan biyu ba namiji ɗaya suke ci ba, bai dace doka ta yi musu kuɗin goro ba. Matakin Alabama shi ya fi dacewa da halittar tsuntsun: a bar mai kira ya gwada gwanintarsa tun ranar farko, a jinkirta mutum-mutumi sai mata sun hau ƙwai, a kuma haɗa da gyaran ciyayin da uwa za ta ɓoye sheƙarta.